Sikirin na nuna 37, jikina na cewa ya wuce nan: wa zan yarda dashi?

Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Muna da bahon ruwan zafi a gida mai hita da injin tura ruwa, yana cin kamar lita 1,500, maigidana ya saka shi ne musamman saboda mahaifiyarsa dake fama da ciwon gwiwa. Kullum a 37 muke barinsa kuma 37 ɗin sikirin yake nunawa, amma 'yan kwanakin nan in na sa hannu sai inji zafin yayi yawa, rannan ma Hajiya ta fito tana cewa jiri take gani. Na jefa ƙaramin ma'aunin nan mai yawo a kan ruwa ya nuna 41. Na gaya ma maigida yace wannan ai robar wasan yara ce, na'ura bata ƙarya, nice dai bana son zafi. Wani lokacin kuma lambar sai tayi tsalle daga 37 ta koma 34 ta sake dawowa. Mun kira mai gyara, ko buɗewa bai yi ba yace fanel ɗin ne gaba ɗaya sai an canja. Abin har ya fara zama gardama tsakaninmu. Wa zan yarda dashi?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Bari in fara da abinda ba sai an jira bincike ba: daga yau kada Hajiya ta sake shiga bahon nan, ke ma haka, balle kuma yara, har sai an san haƙiƙanin zafin ruwan da ma'aunin da aka tabbatar yana faɗin gaskiya. Jirin da tace tana gani ba abin a ji a wuce bane. Hukumar dake kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a a Amurka, CPSC, tun ƙarshen shekarar 1979 ta fitar da gargaɗi kan irin waɗannan bahunan, tace kada ruwan ya wuce digiri 104 a ma'aunin Farenhait wato 40 a Selsiyos ɗin da kike magana dashi, tace 100 wato wajen 38 shine ake ganin ba matsala ga babba mai lafiya, ta kuma ce zama cikin ruwa mai 106, wanda shine 41 ɗin da robarki ta nuna, yana iya ɗaga zafin jikin mutum har jikin ya kasa sanyaya kansa. Kuma matsalar ba ƙuna bace, kasala ce da gyangyaɗi, mutum yana zaune cikin ruwa har wuya sai ya sulale. Masu ciwon zuciya da suga da hawan jini an ce su tambayi likita tukunna, mai ciki kuma kada ta wuce 38. Dattijuwa mai ciwon gwiwa da wuya ace ba wani magani take sha ba, so a tambayi likitanta ko da an gyara komai.

A cikin gargaɗin nan dai suka ce a dinga auna ruwan da ma'auni mai kyau kafin a shiga, domin na'urar dake daidaita zafin baho tana iya kuskuren da ya kai digiri huɗu na Farenhait, biyu da 'yan kai kenan a Selsiyos. Toh kinga maganar na'ura bata ƙarya, waɗanda aikinsu kenan sa ido kan na'urorin ma basu yarda da ita ba.

Nasan maigida zai ce ai akwai abinda ke kashe hita in zafi yayi yawa. Akwai, amma ba a 41 yake aiki ba. A bahuna masu fanel (allon lantarkin dake ba hita umarni) na kamfanin Balboa misali, sai ruwan ya kai 110 na Farenhait wato 43 sannan ya rubuta OHS ya tsayar da komai, in kuma cikin bututun hita ne sai 118 wato wajen 48 zai rubuta OHH. Wannan kariya ce ta kada abu ya lalace ko ya kai ga bala'i, ba ta jin daɗin tsohuwa ba. Sannan a wasu na'urorin sensa ɗin, wato ɗan abin dake jin zafin ruwa, da ke ba sikirin lamba shine dai ke ba kariyar labari, in ya faɗi ƙarya ya faɗa ma kowa.

Sikirin ɗin nan bai taɓa taɓa ruwa ba, wannan shine abinda nakeso ku riƙe ke da oga. Akwai ɗan ƙaramin sensa, tamista ake ce masa, a soke a jikin bututun hita ko a bangon baho, aikinsa kawai turjiya yake wa wutar da fanel ke turo masa, in ruwa yayi zafi turjiyar ta ragu, in yayi sanyi ta ƙaru. Fanel sai ya auna turjiyar ya duba jadawalin da aka zuba masa ya rubuta lamba. Shikenan. Duk abinda ya ƙara turjiya a hanya, ko tsatsa ce ko waya ce ta saki, fanel bashi da yadda zai gane, shi dai cewa zai yi ruwa yayi sanyi ya ƙara kunna hita. Zan dawo kan wannan don inaga nan matsalarku take.

Amma fa kada ki ɗauka na baki gaskiya gaba ɗaya, robar nan taki ita ma sai an tuhume ta. Irin waɗannan ma'aunan masu yawo a saman ruwa suke, ruwan zafi kuma sama yake tasowa in inji baya juya shi, in rana ta doki jikinta ta ƙara mata, wasu kuma ɗan gilashin ciki yana zamewa daga jikin allon lambobin sai duk karatun ya goce. Gwajinta ba wuya. Ki cika kofi da ƙanƙara dakakkiya, ki zuba ruwa ɗan kaɗan ya cike gurbin, ki juya ki bari kamar minti uku, ki tsoma ta ciki ba tare da ta taɓa gindin kofin ba. Dole ta nuna 0, ko 32 in Farenhait ce. In ta nuna 2 kinsan tana ƙara biyu, in ta nuna 0 toh ta ci rabin jarrabawa. Kada ki gwada ta da tafasasshen ruwa, lambobinta basu kai can ba, fashewa zata yi.

Wanda na fi so ma yana cikin gidanku inaga, ma'aunin zazzaɓi mai batir da ake sawa a hammata. Shi an ƙera shi ne ya auna daga wajen 32 zuwa 42 da 'yan kai, kuma a wannan tsakanin ya fi duk wani ma'aunin baho daidai, toh ruwanku kuma a nan tsakanin yake. Ga yadda za ayi: a buɗe murfi, a kunna injin tura ruwa a babban gudu amma a rufe iskar kumfa, a barshi minti biyar zuwa goma ruwan ya gauraya sosai. Sai a nutsa kofi a ɗebo ruwa daga zurfin gwiwar hannu, nesa da bakin da ruwan hita ke fitowa, a bar kofin ya ɗan jima a ciki shima ya ɗauki zafi, a ɗago a tsoma bakin ma'aunin nan take kafin ya huce. A lokacin a kalli sikirin a rubuta duka biyun. Wannan bindigar auna zafi da ake haska wa a goshi kuwa ku ajiye ta, fatar saman ruwa kawai take gani kuma tururi na rikita ta.

Kuma dan Allah ba ke zaki auna ba. Ki miƙa wa maigida ma'aunin kice Abban yara zo ka gwada mana mu huta, ya ɗebo da hannunsa ya karanta da idonsa. Namiji da yace na'ura bata ƙarya ba zai sauko don matarsa tace hannunta yaji zafi ba, amma zai sauko in wata na'urar ta ƙaryata ta farko a hannunsa, kuma in hakan ta faru kada ki ce ai na faɗa, ki barshi ya zama shine ya gano. Abinda kike nema lafiyar mahaifiyarsa ce ba cin gardama ba. In kuma aka auna aka samu 37 ko 38, toh sai ki karɓa, robarki ce ta goce, a nemi dalilin jirin Hajiya wajen likita, a kuma duba tsawon lokacin da take yi a ciki.

Bambancin digiri ɗaya ko ƙasa da haka ba komai bane, sensa a bututu yake ku kuma a baho kuke aunawa. Daga biyu zuwa sama akwai magana.

Kafin a kwance ko sukurun guda a duba ƙananan abubuwa. Lambar da kike gani ta ruwan ce ko wadda aka saita? Yawancin fanel in an taɓa maɓalli lambar da ke ƙiftawa ita ce aka saita, wadda ta tsaya cak ita ce ta ruwa, mutane da yawa na rikita su. Sannan bahon da sensa ɗinsa ke cikin bututun hita baya sanin zafin ruwa sai inji na gudu, in inji ya tsaya ko ya nuna tsohuwar lamba ko ya nuna layi biyu, sai ya yi minti ɗaya ko biyu yana juya ruwa zai kawo ta gaskiya. Wasu na'urorin kuma suna da wajen da ake ƙara ko rage wa karatun digiri a cikin saiti, in wani ya taɓa shi ya manta shikenan an samu ƙarya ta dindindin, littafin na'urar zai nuna ko naku yana da shi.

In an wuce waɗannan, abinda zai nuna mana hanya shine wane ɓangare ƙaryar ta karkata. Naku sikirin ƙasa yake faɗa, ruwa 41 shi yana 37, kuma wannan itace mai haɗari domin hita gani yake bai kai ba. Mu ɗauka sensa ɗinku irin wanda aka fi samu ne, mai om 10,000 a digiri 25, om shine ma'aunin turjiya. Irinsa a digiri 20 yana ba da wajen 12,500, a 30 wajen 8,000, a 37 wajen 6,000, a 41 wajen 5,100. Ki lura da na ƙarshen nan biyu. Tsakanin 41 da 37 om ɗari tara ne kacal. Wato in ruwa yana 41 sensa yana faɗin gaskiyarsa 5,100, sai tsatsa a bakin fulogi ta ɗora masa 900 a hanya, abinda zai isa fanel 6,000 ne, sikirin ya rubuta 37 hankali kwance, kuma babu wani kuskure da zai nuna don lambar bata fita daga hankali ba. Wajen nan kuwa ɗumi ne da laima da tururin kulorin shekara da shekaru, in aka zare ɗan farin fulogin sensa daga fanel sau da yawa zaki ga ƙafafunsa da ya kamata suna ƙyalli sun koma kore-kore ko fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, wani lokacin ma wayar ta ƙage a inda ta lanƙwasa, saura silli biyu ko uku ke riƙe.

Tsallen nan da kika ce lambar na yi daga 37 zuwa 34 ta dawo shine ya ƙara sa na karkata nan. Ruwa lita 1,500 baya sauka digiri uku cikin daƙiƙa ya sake hawa. Ki yi lissafi ma, ɗaga lita ɗaya digiri ɗaya yana cin wat 1.16 na awa guda, lita 1,500 kenan wajen kilowat 1.7 na awa, in hitarku mai kilowat 3 ce sai tayi sama da rabin awa kafin ta ƙara digiri ɗaya tak. Saukarsa ma a hankali ne. Don haka duk lambar da tayi tsalle ba ruwa bane yayi, waya ce. Inji ya tashi ya girgiza akwatin, haɗin da ya saki ya ɗan buɗe, turjiya ta hau, lamba ta faɗi, ya koma ya zauna ta dawo. Ku lura ko tsallen na zuwa ne daidai lokacin da inji ke tashi ko ake canja masa gudu.

Akwai wani gwaji da zaku iya yi ba tare da taɓa waya ba, sai dai haƙuri. Ku sauke saitin ƙasa ku bar ruwan ya huce, ku dinga aunawa kuna rubutawa yana sauka, a nan robarki zata yi amfani in ta ci gwajin ƙanƙara tunda na zazzaɓi baya karanta ƙasa da 32. In bambancin huɗu ne a sama, huɗu ne a ƙasa, baya motsi, toh ya fi kama da saitin da aka taɓa ko matsalar fanel. In kuma a ruwan sanyi ya ragu, misali a 20 bambancin ɗaya da rabi ne kawai amma a 41 ya kai huɗu, toh ƙarin turjiya ce a hanya, domin om 900 a kan 12,500 ba wani abu bane amma a kan 5,100 babban abu ne. Wannan takardar da kuka rubuta ku ajiye wa mai gyara.

Sauran abubuwan da ke sa sikirin ya faɗi ƙasa basu da yawa. Wasu sensa ba ruwa suke taɓawa kai tsaye ba, cikin wani ɗan kube ake zura su, in ya zame ya fito rabi ko soson da ke rufe bayansa ya faɗi toh rabin iskar waje yake aunawa. Akwai farin ɓawon nan irin na cikin butar dafa ruwa, in ya lulluɓe bakin sensa yana jinkirta masa jin zafi, hita ta wuce inda aka ce ta tsaya kafin shi ya farga. Akwai tsufa, ruwa ya shiga cikin kansa ya goce. Sai kuma in an taɓa canja shi aka sa wanda ba nasa ba. Wasu kamfanonin na 30,000 suke amfani dashi ba 10,000 ba, kuma ko na 10,000 ɗin ba duka jadawalinsu ɗaya ba, suna haɗuwa a 25 amma suna rabuwa in an hau sama, wato daidai inda ku kuke buƙatarsa. Baki faɗa ko an taɓa gyara ba, ki tambayi oga.

Masu karatu da yawa tasu matsalar kishiyar taki ce, sikirin na cewa 39 ruwa kuwa ɗumi-ɗumi, hita na kunnawa tana kashewa. Wannan galibi ba sensa bane ma, ruwa ne baya gudu. Filta ta toshe, ko ruwa ya yi ƙasa inji na jan iska, ko an bar wani bawul a rabin buɗe, ko iska ta maƙale a bututu bayan an canja ruwa, sai ɗan ruwan da ke cikin hita ya yi zafi fiye da na baho sensa ya ji shi ya ce an kai. A kashe wuta a cire filta a kunna na ɗan lokaci a gani, in lambar ta daidaita an gano ɓarawon, a wanke ko a sa sabuwa, kada dai a barshi yana aiki ba filta. In ba gudu bane toh laima ce ta kwanta tsakanin ƙafafun fulogin ta ba wuta gajeriyar hanya, turjiya ta ragu, fanel ya ɗauka zafi ne. Akwai kuma wanda ruwan da gaske yake wuce saiti amma sikirin na faɗin gaskiya, an saita 37 yana nuna 40, wannan ko injin ne ke daɗewa yana gudu a lokacin zafi murfi a rufe tunda shima yana zuba zafinsa cikin ruwa, ko makunnin hita a jikin fanel ya manne ya ƙi saki. Ba irin taki bace.

Yanzu maganar mai gyara. Ban ce ha'inci yake ba, fanel na lalacewa, amma wanda bai buɗe akwati ba bai sa mita ba gaskiya hasashe yayi, kuma ya zaɓi abu mafi girma a cikin na'urar ya fara dashi. Ku kira shi ya dawo ko ku kira wani, ku ce a gabanku kuke so ayi abu uku. A kashe wuta daga babban makunni tukunna, ba daga maɓallin baho ba, a kuma tabbatar da mita cewa ta mutu, wutar hitar nan tana kisa kuma ƙasan wajen jiƙe yake. Na farko ya zare fulogin sensa ya duba ƙafafunsa, ya sa mita a kan om ya auna sensa ɗin, a kwatanta da zafin ruwan da kuka auna da jadawalin da ke littafin na'urar. Yana aunawa yana lanƙwasa wayar a hankali daga wannan kai zuwa wancan, in lambar mita na rawa toh wayar ta karye a ciki. Kada ya riƙe bakunan mitar biyu da yatsunsa, jikin mutum na shiga lissafin. In mita ta nuna babu haɗi sam ko ta nuna kusan sifiri, sensa ya mutu, sai dai irin wannan da kansa fanel yake kamawa ya rubuta kuskure.

Na biyu shine yake raba gardamar fanel. Akwai ɗan ƙaramin rizisto, wani abu mai turjiyar da bata canjawa, mai om 10,000 da duk mai gyaran lantarki ke dashi, in na'urarku ta 10,000 ce sai a soka shi a gurbin sensa a kunna na ɗan lokaci, dole sikirin ya nuna 25, ko 77 a Farenhait. In ya nuna haka fanel lafiyarsa ƙalau, ba ruwansa. In ya nuna 21 toh mai gyara ya ci gari, ku bashi haƙuri ku canja. Gwaji ne na minti ɗaya a cire, ba a barinsa ciki domin hita zata ɗauka ruwa na 25 har abada tayi ta aiki. Na uku ya zaro sensa ɗin kansa ku ga bakinsa, ɓawo ne, tsagewa ce, ko dai bai zauna daidai ba.

In ya buɗe kuka ga sensa biyu, ɗaya a kowane ƙarshen bututun hita, toh fanel ɗin yana kwatanta su da juna, in suka saɓa yana rubuta Sn ko SnS, in ɗaya ya mutu SnA ko Snb. A irin wannan ba kasafai ɗaya zai goce da digiri huɗu fanel yayi shiru ba, sai in su biyun sun ci tsatsa tare, don haka zargin fanel yana ƙara ƙarfi, kuma in za a canja sensa a canja su biyun lokaci guda. Ki tambayi mutanen gida ko wani ya taɓa ganin haruffa a sikirin ya kashe ya kunna suka ɓace, ana yawan yin haka a manta.

Abu ɗaya da ba zan yarda ba ko waye ya kawo shi: a haɗe wayar kariyar zafi ko ta makunnin gudun ruwa don hita ta daina kashe kanta. In kin ji yace bari in yi mata dabara ta wucin gadi, ki ce a'a mun gode. Haka shima makunnin kariyar da ke yanke wuta in ta zubo cikin ruwa, ana danna maɓallin gwajinsa lokaci-lokaci, ba a cire shi.

Masu babban wurin ninƙaya da hitar gas ko mai jan zafi daga iska, duk abinda na faɗa ya shafe ku, sai ƙarin kaɗan. Sensa ɗinku a bakin shigar ruwa yake, in inji a kashe yake ruwan da ya kwana a bututu cikin rana kuke karantawa, ku bar inji yayi minti goma tukunna. In kuna rufe saman ruwa da bargon roba, saman na iya yin ɗumi ƙasa da sanyi, sai an juya. In akwai na'urar sarrafa komai daban, ita ma da nata sensa a bututu, lambobi biyu zaku dinga gani kuma sai kun san wacce ce ke ba hita umarni kafin ku canja wanda ba shi bane. Akwai kuma bawul na cikin kan hita da ke raba ruwa, in ya karye zafaffen ruwa na komawa kan sensa ya yaudare shi. Hitar kamfanin Hayward tana rubuta SF in sensa ya samu matsala, Pentair MasterTemp kuma E01. Ruwan gasar ninƙaya ma tsakanin 25 da 28 ake ajiye shi, so kuskuren digiri biyu a can asarar gas ce da jin sanyi, ba irin haɗarin baho ba.

In an canja sensa, a ɗauki lambar da ke jikin tsohon ko ta fanel a nemo irinsa sak, kada a ce ai duk ɗaya ne tunda ya shiga ramin. In mai taɓa ruwa ne a rufe bawul ko a zubar da ruwan kafin a kwance, a sa sabuwar robar bakinsa, a ɗaure da hannu ba da ƙarfin sifana ba don roba ce tana tsagewa, wayarsa kuma a bi da ita nesa da manyan wayoyin hita da inji. Fulogin in tsatsar kaɗan ce ana goge ta da maganin wanke haɗin lantarki, in ta ci ƙarfen a canja kawai, gogewa ba zata daɗe ba. Ku dinga auna ruwan kuma, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya zauna tsakanin 7.2 da 7.8, in ya hau ɓawo zai dawo, in ya faɗi ya ci ƙarfe, kuma kada a ajiye robar kulorin cikin akwatin na'ura.

Bayan gyaran ma kada Hajiya ta shiga ranar. A bar ruwan ya kai inda aka saita, a auna da na zazzaɓi yau da gobe a ga sun yi daidai da sikirin, sannan a fara mata da 36 ko 37 in likita ya yarda, minti goma zuwa sha biyar, da wani a kusa, ta kuma tashi a hankali in zata fito don jirin ya fi kama mutum a lokacin miƙewa. Ma'aunin zazzaɓin ku sayo wani daban ku rataye kusa da bahon, duk mai shiga ya ɗebo kofi ya auna tukunna. In kun yi gwajin ki rubuto min lambobin da kuka samu na ruwa da na sikirin da na mita, da sunan da ke jikin fanel ɗin, sai in gaya miki ko sensa kaɗai ya isa.